Da Za A Juya Allon

Ranar uku ga ƙaramar sallah wani yaro ɗan shekara 12 ya hana ni tashi daga kan tabarma. Ɗan ƙanena ne. Mun yi wasa na cinye shi, na miƙe ina kakkaɓe riga ina cewa yaro dai yaro ne ko ya iya karatu, sai ya riƙo gefen rigata ya ce, "Baffa, ai ba a gama ba. Sai an juya allon." Na ce wane irin juyawa kuma bayan na ci? Ya ce haka dokar take: ni in koma inda ya zauna, shi ya koma inda na zauna, a sake daga farko, sannan a haɗa lissafi. Mata suna ta dariya daga tsakar gida. Na koma na zauna don kunya. Wata takwas ke nan da yin wannan zama, har yau zancensa bai bar raina ba.

Wasan ba namu ba ne. Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Ingila ne ya zo da shi Kura a cikin kwali, tsarabar yara. Sunansa Memoir '44. Wani Ba'amurke mai suna Richard Borg ne ya tsara shi, ya fito a 2004, shekara 60 bayan sojojin ƙawance sun sauka a gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944. Allo ne mai faɗi da aka zana wa gidaje masu kusurwa shida-shida kamar saƙar zuma, ga 'yan sojojin roba da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, ga tankoki, ga igwa. Irin waɗannan wasanni suna da yawa a Turai da Amurka. Iyali kan zauna a kansu bayan cin abinci yadda muke zama a kan ludo, akwai kuma magidanta masu furfura da ke raba dare suna yi wa 'yan sojojin fenti da ɗan siririn burushi.

Abin da ya raba shi da duk wasan da na sani shi ne kati. An kasa allon gida uku, dama da tsakiya da hagu, kuma ba ka da ikon motsa soja sai da katin da ya ba ka izini. Kana kallon rundunarka ta hagu ana ragargaza ta, ka san sarai abin da ya kamata ka yi, amma katunan hannunka duk na dama ne da tsakiya. Dole ka yi wani abu da abin da ke hannunka, ka ja sabon kati, ka jira.

Masu wasan kuma ba su ɓoye cewa ɓangarorin biyu ba daidai suke ba. Kowane fage an kwaikwayo shi ne daga wani gumurzu da aka yi da gaske, yaƙi kuwa ba a auna wa kowa da mudu ɗaya. Shi ya sa ake buga shi sau biyu, a yi musayar wuri. A fagen da muka buga ni na riƙe Jamusawa a kan tudu, cikin ramukan kankare, bayan waya mai ƙaya. Yaron ya riƙe waɗanda ke fitowa daga teku, ba su da ko inuwar da za su fake. Na yi ta ɗauke su ɗai-ɗai ina jin kaina wani janar. Da aka juya allon sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya gama da ni cikin rabin lokacin da na ɗauka, da aka haɗa lambobin wasa biyun kuma shi ne a sama, da tazara. Ashe a zaman farko tudun ne ya ci, ni na zauna a kansa ne kawai. Shi kuwa ko daga cikin teku sai da ya ƙwaci abin da ya ƙwata.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, yana gefe da carbi a hannu yana kallo. Ya ce wannan wasan ragwaye ne. Shi ɗan dara ne tun yana saurayi, har yau kuma ba na jin akwai mai zaunar da shi a unguwarmu. Mai karatun da ya tashi a birni, wanda bai taɓa ganin ana haƙa ramuka a gindin bishiya ba, ga yadda take: gidaje 30, layi biyar masu gida shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da guntayen kara wancan da tsakuwa. A fara da dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa. Duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa guda. Babu kati a hannu, babu ƙwayar jefawa, komai yana fili a gaban kowa, har 'yan kallo.

"Ɗan nan," in ji Kawu, "a dara in an ci ka, kai aka ci. Ba ka da wanda za ka ɗora wa. Wannan kuwa an yi shi ne don wanda aka ci ya samu abin faɗa."

Ya kuma taɓo maganar ƙwaya, domin wasan yana da ƙwayoyin da ake jefawa in an zo harbi. Hadisin da ya yi hani ga wasan nardu sananne ne, malamai kuma sun daɗe suna tattauna abin da ya shiga ƙarƙashinsa da abin da bai shiga ba. Caca dai babu saɓani a kanta, Suratul Ma'ida ta gama magana, mu kuma ba mu sa ko kwabo ba. Fatawa na bar wa masu ita. Ni maganarsa ta farko ce ta tsaya min a wuya, domin na daɗe ina ganin duniya da idon dara ba tare da na sani ba.

Wasannin da muka saba da su sun rabu gida biyu. Dara da darafti duk wayo ne. Ludo, wanda asalinsa wasan pachisi ne na Indiya kafin Turawan Ingila su sauƙaƙa shi a 1896, kusan duk sa'a ne: wanda shida ta ƙi shi sai ya kwana a gida. Wasan yaron ya faɗo tsakiya, kuma ba don rage wa ragwaye zafi aka fara sa rashin tabbas a irinsa ba. Sojoji ne da kansu suka sa. A 1824 wani hafsan Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan rundunarsu wasan yaƙi a kan taswira, mai alƙali da ƙwayar jefawa, aka karɓe shi a matsayin horo. Sun riga sun san cewa a fagen daga umarni kan makara, ɗan aike kan ɓata, hazo kan rufe tudu. Hafsan da ya koyi yaƙi a allon da komai ke bin umarninsa zai sha mamaki ranar farko. Katin da ke hana ka motsa hagu ɗan aiken nan ne da bai isa ba.

To, ni ma a kan tudu nake zaune shekara 14, sai dai nawa tudun bakin ruwa ne.

Wanda ya san yankinmu ya san ruwanmu daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina zamanin gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Daga can babban kanal ke ɗauko shi, ya rarrabu zuwa matsakaita, su kuma su rarrabu zuwa ƙananan magudanai da ke ratsa feguna a Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ba inji ke tura ruwan ba, gangara ce. Manomi ya lanƙwasa tiyo a bakin magudana, ruwa ya tsallako cikin kunyoyinsa. Da wannan ruwa aka mayar da ƙasarmu ta tumatir da shinkafa da alkama da albasa, har manyan motoci ke yin layi a Kwanar Gafan suna lodin kwanduna zuwa Legas. Amma gangara tana da hali guda da ba ya canzawa: ruwa ba ya isa na ƙarshe sai ya bi ta gaban na farko.

Da mahaifinmu ya rasu, bayan an fitar wa mahaifiyarmu da 'yan'uwanmu mata haƙƙinsu daga gida da gonar damina, sai feguna biyu suka rage mana ni da ƙanena, a kan magudana ɗaya ta ɓangaren Bunkure. Girmansu ɗaya. Guda yana bakin da ruwa ke shigowa, guda yana can kusa da wutsiya. Dattawa suka kimanta su daidai, domin a lokacin ruwa na isa ko'ina. Aka karya tsinke biyu, aka kira wani yaro da ke wucewa ya zaɓa. Na bakin ruwa ya faɗo min. Ba a cuci kowa ba, ni shaida ne. Ƙuri'a kuma hanya ce mai asali: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, Alƙur'ani kuma ya ba da labarin wadda aka yi a kan rainon Nana Maryam. Idan mutane suka yi daidai a haƙƙi, abin kuma ba ya rabuwa, barin sa ga tsinke ya fi barin sa ga mai ƙarfin baki.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Laka ta taru a magudana, ciyawa ta cike gefe. Mu na sama da yawanmu muka koma shinkafar rani, ita kuwa ba ta ƙoshi da ruwa. Mai tiyo uku ya koma biyar. Idan dare ya yi, wani ya jefa buhun yashi a tsakiyar magudana don ruwa ya taru ya hau. Tsakanin fegina da na ƙanena akwai feguna 18. Daga watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa shuka ke neman ruwa ruwa a jallo, abin da ke isa gare shi bai fi a jiƙa ƙasan tukunya ba. Ya haƙa 'yar rijiyar bututu, ya sayi injin ban ruwa da bashi. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, kowace awa da injin ya yi yana kuka sai ta ci wani abu daga ribar da bai riga ya gani ba. Ni kuwa in na biya kuɗin ruwa na kaka, gangara ce ke yi min sauran aikin.

Ba wannan ne abin kunyar ba tukuna. Abin kunyar shi ne yadda na riƙa ba da labarin. Na rufa gini, na sayi babur, matasa suka fara zuwa neman shawarata a kan noma, ni kuma ina bayarwa da murya irin ta wanda ya sani. Idan aka tambaye ni ƙanena sai in yi ajiyar zuciya in ce ai shi himma ce ta yi masa ƙaranci. Na sha ba shi rancen taki, ban taɓa ba shi ba tare da wa'azi ba. Mahaifiyarmu ma ta ɗauki maganar daga bakina, har takan ce masa, "Kai ba ka ganin yayanka?" Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

A 1976 wasu masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, suka yi muhawara a kan abin da suka kira sa'a a cikin hukuncin ɗabi'a. Matsalar da suka tono mai sauƙin faɗa ce. Kowa zai yarda cewa bai kamata a yabi mutum ko a zarge shi a kan abin da ba ya hannunsa ba, amma kullum haka muke yi. Direbobi biyu suka yi sakaci da birki iri ɗaya, yaro ya faɗo gaban guda bai faɗo gaban ɗayan ba. Na farko ya zama mai kisa a idon jama'a da idon kansa, na biyu ya isa gida ya ci tuwo. Sakacinsu ɗaya, sunansu ya bambanta har abada.

Mu a nan muna da kalmomin da ya kamata su tsare mu daga wannan kuskure: rabo, sa'a, ƙaddara. Sai dai ku lura da lokacin da muke zaro su. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da maƙwabtanta, har masana'antar tumatir ta Kadawa ta rasa abin sarrafawa, nawa ya ƙone ƙurmus. Na ce ƙaddara, jama'a suka yi min jaje. Shekarar da tumatir ɗin ƙanena ya bushe don ƙishirwa kuwa, na ce sakaci. In asara tawa ce, dokar ludo nake kawowa. In tasa ce, dokar dara. In riba ce kuma sai in juya su. Ban taɓa zama na shirya wannan rashin adalci ba, da kansa yake fitowa daga baki, kuma ina zaton ba ni kaɗai ba ne a cikin masu karanta wannan.

Akwai kuma bambanci tsakanin asarorin biyu da na daɗe ina kauda kai daga gare shi. Sharon ba ta san na sama da na ƙasa ba. Ta faɗa wa mai tiyo biyar, ta faɗa wa mai inji. Wannan kati ne da aka cakuɗa da kyau aka raba wa kowa. Ƙishirwar wutsiya kuwa ta hannun mutane take bi kafin ta isa, hannuna kuma shi ne na farko a layin. In na kira ta ƙaddara ban yi ƙarya ba, tunda babu abin da ke fita daga ƙaddara. Amma na yi amfani da gaskiya na rufe wata gaskiyar.

Labarin Sayyidina Umar ya isa misali. Ya nufi Sham, labari ya iske shi a hanya cewa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya ba shi misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, guda mai ciyawa guda busasshe: duk gefen da ya kai su kiwo, cikin ƙaddara ya kai su. Ke nan imani da ƙaddara bai ɗauke wa makiyayi tambayar inda ya kora dabbobinsa ba. Bai kuma ɗauke wa na bakin ruwa tambayar tiyo nawa ya sa ba.

Abin da ya fi damuna da wasan yaron shi ne yadda ake gama shi. Ana tattara katunan a cakuɗa, ana mayar da sojojin cikin kwali, gobe kowa ya fara daga babu. Tsinkenmu sau ɗaya aka ja. Ya yi adalci a ranar, sannan ya daskare, ya fara haihuwa. Akwai wani wasan irin wannan na Amurka, Malifaux, da ya fito a 2009, wanda ba ya amfani da ƙwaya sam. Kati ake buɗewa daga tari don a ga ko harbi ya samu, in ya zo maka da sharri kuma doka ta yarda ka maye gurbinsa da wani mai kyau daga hannunka, in kana da shi. Da ɗan'uwan namu ya ba ni labarinsa sai na ga kaina. Shekarun riba sun cika min hannu da irin waɗannan katuna. In farashi ya karye a Kwanar Gafan, ina iya yanka tumatir in shanya kauɗa in jira. Shinkafata tana iya kwana a ɗaki har ta yi daraja. Ƙanena kuwa ranar girbi mai bashi na tsaye a bakin gona, duk abin da dillali ya faɗa shi ne. Sa'a ɗaya muke buɗewa ni da shi, ni ina da abin canzawa. In kuma ba a yi wani abu ba, yaron da ya riƙe min riga shi zai gaji teku, ɗana ya gaji tudu, a kuma ce wa ɗaya ba ka ganin ɗan'uwanka.

Kada in yi wa Kawu rashin adalci. Maganarsa tana da ƙashi. Ƙanena ba waliyyi ba ne. Akwai shekarar da ya sayar da takin da na ba shi, akwai lokacin da wayarsa ta koya masa zuba kuɗi a kan ƙwallon Turai, Allah ya sa ya bari. Akwai kuma wani dattijo da feginsa ya fi nasa nisa da ruwa, amma ya fi shi fita, domin ya daina jayayya da wutsiya: yana shuka abin da ba ya shan ruwa da yawa, yana shuka da wuri, yana kwana a gona ranar da ruwa zai zo. Wasan da kansa ya nuna haka, tunda yaron ya fi ni taɓukawa a kowane gefe. Mutumin da aka koya wa cewa komai wuri ne, an ƙwace masa katin da ya rage a hannunsa. Tausayi ma wani lokaci raini ne da ya sa babbar riga. Uzuri kuma yana ruɓar da mutum, wannan Kawu ya gani da idonsa a tsawon shekarunsa, ba na musa masa.

Inda na rabu da shi shi ne bakin da maganar ke fitowa. "Kai aka ci, ba ka da wanda za ka ɗora wa" magana ce da mutum ke faɗa wa kansa da dare, ta tashe shi da asuba. Kawu ma yana da ikon faɗa, tunda a allonsa kowa da 12 yake farawa. Amma idan ta fito daga bakin wanda ke zaune a bakin ruwa, zuwa ga wanda ruwan bai isa ba, ta zama wani abu dabam, ko da kalmomin ba su canza ba. Ni shekara 14 ina faɗa masa dokar dara a kan allon da ba na dara ba.

Wani masanin Amurka, John Rawls, ya kawo shawara a 1971 cewa in ana son a gane dokar da ta yi adalci, a tambayi wacce mutane za su zaɓa tun ba su san inda za su faɗo ba. Mahautanmu sun riga shi. Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya ga yadda ake kasa naman: ana gama daidaita kashi-kashi tukuna, a ƙara tsoka nan a rage ƙashi can, kowa yana sa baki da gaske domin bai san wanne ne zai zama nasa ba. Na tabbata da a ce ranar rabon gado, kafin yaron nan ya ja tsinke, an tambaye mu ni da ƙanena yadda za a riƙa shan ruwa, da baki ɗaya za mu ce a fara da wutsiya, a kuma ƙayyade tiyo. Bayan an ja ne ra'ayina ya canza, na fara ganin hikimar barin kowa ya yi ta kansa. Ƙungiyarmu ta masu shan ruwa tana da jadawalin kwanaki, a takarda babu laifi. Takarda dai ba ta zuwa gona da dare.

Da kaka ta ƙarato na ce wa maiɗakina ina tunanin mu yi musayar fegi da ƙanena na rani ɗaya, a juya allon ke nan. Ta dube ni ta ce, "Malam, ƙuri'a aka yi, ba ƙwace ka yi ba. Kuɗin makarantar yaran fa, daga wutsiyar za su fito?" Ban iya ba ta amsa ba, domin ba ta faɗi ƙarya ba. Na kai maganar wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya ce fegi naka ne halal, babu wanda zai tilasta maka musaya, in ka yi kyauta ce. Sannan ya ce amma ruwan fa ba a cikin gadon yake ba. Ya tuna min da hukuncin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa game da wasu magudanai na Madina: na sama shi ke fara sha, ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sakar wa na ƙasa. Shari'a ba ta yi kamar ba ta san akwai na sama ba. Ta bar masa fifikonsa, ta sa masa ma'auni a ƙafarsa, inda ba zai ce bai gani ba. Malam ya tambaye ni nawa ruwan ina yake kaiwa. Na yi shiru ina duban tabarma.

Duk da haka na je wurin ƙanena da zancen musayar, ina faɗa ina addu'ar ya ƙi. Na same shi yana kwance injinsa a ƙofar gida, hannu duk baƙin mai. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Yaya, riƙe gonarka, Allah ya sa albarka. Buhun yashin nan dai da kake jefawa daren Laraba, shi za ka daina."

Daren Laraba nasu ne a jadawali. Ban taɓa zaton ya sani ba. Ya ce tun shekarar da aka haifi yaron nan ya sani, yakan biyo magudana da fitila yana neman inda ruwa ya tsaya, in ya iso kan buhuna sai ya kashe fitilar ya juya. Na ce me ya hana ka magana? Ya ce, "Taki a wurin wa zan karɓa?"

Buhun yana zaure yanzu, na zazzage yashin. Na rage tiyo biyu, shinkafar rani kuma bana rabin fegi zan yi. Sai dai makon da ya wuce na ga maƙwabcina na ƙasa da ni ya ƙara tiyo, ruwan da na saki a wurinsa ya fara tsayawa, saura feguna 17 kafin na ƙanena. Ranar Juma'a bayan la'asar akwai taron ƙungiya. Na sa sunana cikin masu magana, zan kawo shawarar a riƙa fara sakin ruwa daga wutsiya, a kuma riƙa kewaya magudana da dare mutum biyu-biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa. Na zagaya gidajen na sama guda shida ina neman mai mara min baya. Biyar sun ce sai sun yi shawara. Na shidan ya tambaye ni ko shekarun da na yi ina jefa buhu zan biya su, ko kuwa daga bana lissafin zai fara.